Da Safe Gona, da Yamma Inji

Ranar da Zulfa ta fara zuwa matatar man gyaɗar mahaifinta a Makoda, kowa ya miƙe ya gaishe ta, ban da wani dogon saurayi da ke zuba gyaɗa a inji kamar an yi masa dole. Ta yi masa sannu, ya amsa bai ɗago ba. Haushi ya kama ta, amma har ta koma gida fuskarsa na ranta.

Uwaisu ke nan. Kuma ba shi kaɗai ba, duk ma'aikatan jikinsu ne kawai a wurin. Damina ta kankama, ciyawa na cinye musu gonaki, su kuwa suna tsare tun safe har magariba.

Sai ta kafa zama duk Alhamis a gindin darbejiya, kowa ya faɗi abin da yake so a gyara. Aka yi ta kallon ƙasa.

Ta nemo lambar Uwaisu, ta kira shi. "Sarkin shiru, kai ma ba ka da ta cewa?"

"Na taɓa cewa, Hajiya. Alhaji ya ce hannuna ya ɗauka aiki, ba bakina ba. A gaban kowa. Shekarar nan da hatsin awo muka ci tuwo."

"To ni faɗa min."

"A bar mu mu yi gona da safe, mu shigo bayan azahar. Shi ke nan fa."

Daga nan hira ta zarce, har Hajiya ta koma "Zulfata".

Ta san halin mahaifinta, Alhaji Isyaku, shi ya sa ta kai masa shawarar ba suna. Abdulkabir, manaja kuma ɗan ƙanin Alhaji, wanda ya daɗe yana nemanta, ya yi caraf ya ce ai abin da yake ta tunani ke nan. Aka gwada, aiki ya yi kyau, gonaki suka farfaɗo. Alhaji ya tara ma'aikata ya yi ta shi wa Abdulkabir albarka. Zulfa na tsaye, tsoron kada a soke tsarin ya rufe mata baki.

Saƙon Uwaisu ya shigo: "Shi hana ni magana ya yi. Ke kin sa na yi, kin ba wani. Naki ya fi ciwo."

Ta kira har ta gaji, bai ɗauka ba. Ta yi kuka, domin ta san gaskiya ya faɗa.

Ranar Alhamis ta miƙe a gindin darbejiya, a gaban Alhaji da ma'aikata. "Baba, shawarar nan ta Uwaisu ce. Kuma shi nake so."

"Leburan nawa?" Alhaji ya daka mata tsawa.

Baba Asama'u mai tsintar gyaɗa, wadda ba a taɓa jin bakinta ba, ta ce, "Alhaji, tasa ce, mun ji sanda ka gwale shi. Kuma tunda an fara, hayaƙin injin nan yana kashe mana ido."

Sau biyu Alhaji yana mayar da manyan Uwaisu da suka zo neman aurenta. Sai bayan kaka ya amince, fuska a murtuke, haƙuri kuwa bai taɓa bayarwa ba. Aka ɗaura aure, amarya ta tare.

"Ka yafe min, Sarkin shiru?"

"Na yafe, Zulfata. Mantawar ce sai a hankali."

Bayan biki Alhaji ya same shi shi kaɗai a bakin inji, ya yi gyaran murya. "Kai, wannan hayaƙin, me ka gani?"

Uwaisu ya daɗe yana jiran wannan tambaya. Ya durƙusa cikin ladabi.

"Baba, sai ranar Alhamis. A gaban kowa."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.