Wanda Ya Kwana a Gadon Sama

Duk wanda ya zauna da Sufeto Tankari a Guangzhou, ko na rabin awa ne, ya sha wa'azin jirgin ƙasa. Shekara talatin ya yi yana aikin ɗan sanda a Kano kafin ya yi ritaya ya faɗa harkar riguna a kasuwar Shahe, amma sunan Sufeto ya ƙi barinsa, haka ma son a bi maganarsa.

"Jirgin sama wahala ce aka yi wa kwalliya," in ji shi. "A auna jakarka, a ƙwace maka turare, ka zauna gwiwa na dukan haɓa. Na ƙasa kuwa ka miƙe a gado, ka sha shayinka, ka yi sallarka, gari ya waye ka ganka a tsakiyar birni."

Da wannan bakin ya juya amininsa Alhaji Babayo, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda ya je sarin kaya garin Yiwu da ɗan ƙanensa Musa. Alhaji ya riga ya ce jirgin sama zai hau ya dawo, awa biyu an gama. Tankari ya yi ta buga masa waya har Alhaji ya haƙura.

Ranar Talata da hantsi Ofisa Liang na 'yan sandan tashar jirgi ya kira shi. Sun saba, don Tankari ne ke yi musu tafinta in lamari ya shafi Bahaushe.

"Ka zo yanzu. Wani tsoho ya mutu a jirgin Yiwu. Mun kama wani ɗan Nijar, daga Faransanci sai yarenku yake ji."

Tankari bai tambayi sunan tsohon ba. Ya nufi tashar kai tsaye.

Ɗakin jirgin ƙarami ne, gadaje huɗu, biyu sama biyu ƙasa, da ɗan tebur a jikin taga. An riga an ɗauke gawar. Liang ya karanto takardarsa: Babayo gadon ƙasa na hagu, Musa samansa, Harouna ɗan Maraɗi gadon ƙasa na dama, ɗaya gadon babu kowa.

"An fasa masa ƙeya," in ji Liang. "Ga jini a matashinsa, ga jini a hannun rigar Harouna. In ba ka kawo mini wani abu ba kafin la'asar, zan miƙa shi sama, wajen manyana. Daga can kuma ba hannuna."

Tankari ya san ma'anar wannan. Baƙo, ba yare, ba dangi, ga tuhumar kisan kai.

Ya dubi matashin. Jinin bai fi faɗin tafin hannu ba, shi kuwa ya ga fasassun kawuna da yawa a rayuwarsa, ya san kai ba ya rowar jini. Ya durƙusa don ya leƙa ƙarƙashin tebur, sai ya ji sanyi ya ratsa gwiwar wandonsa. Dardumar ƙasan a jiƙe take, wuri guda kawai, daidai gindin matakalar gadon hagu. Wani ya yi wanki a nan.

Musa na zaune a ofishin tasha, magidanci ne mai shekara talatin da biyar, idanunsa jajir. Da ganin Tankari ya zame daga kujera.

"Baba Sufeto, Baffa ya tafi."

"Allah Ya ji ƙansa. Tashi ka zauna. Ina kake lokacin?"

"Ina sama ina barci. Ban ji komai ba, wallahi, sai da safe."

"Shi kuma yana ƙasa?"

"Yana ƙasa. Tikitinsa ma haka ya nuna."

"Ba tikiti na tambaye ka ba."

Musa ya share fuska da hula. "Yana ƙasa, Baba."

An jera kayan mamacin a kan tebur: fasfo, waya, tabarau, buta, robar goro. Tankari ya bi su da ido sau biyu.

"Ina carbinsa? Na baƙin itacen nan. Shekara ashirin ban ga hannunsa babu shi ba."

"Ƙila mutumin nan ne ya ɗauke. Ai shi ne kusa da shi."

An caje Harouna tun da safe, ba a sami komai ba sai dabino da katin otal.

Harouna na ɗakin baya, ankwa a hannu, siriri, leɓɓansa sun bushe. Da ya ji sallama da Hausa sai hawaye suka zubo masa.

"Komisar, mi na yi? Ni atamfa na zo saye. Matata na da ciki wata tara."

"Ka ce wa ɗan Chana ba ka taɓa tsohon ba. To jinin rigarka fa, sauro ka kashe?"

Harouna ya sunkuyar da kai. "Ƙarya na yi, tsoro ne. Da asuba na gama salla, na ga dattijo bai tashi ba. Na kai hannu bayan kansa in tashe shi, sai na ji danshi. Na duba, jini."

"Da rai?"

"Yana numfashi sama-sama."

"Ka kira ma'aikacin jirgi?"

"Da wane baki? Na koma gadona na ja bargo. Na ce ɗansa na nan, shi zai gani." Ya kifa goshi a kan ankwar. "Wannan kam Allah zai tambaye ni."

Tankari bai tsawata masa ba. Ba shi da bakin tsawata wa kowa a ranar.

"A ina ka shiga jirgin?"

"A wata tasha a hanya, dare ya raba, an kashe fitila. Ban ga fuskar kowa ba. Na ƙasa ya lulluɓa yana latsa waya, haske na fitowa ta bargon. Na yi sallama a hankali, sai na sama ya amsa, ya ce sannu ɗana, ka yi hankali da butata."

"Na sama ne ya ce maka ɗana?"

"Na sama. Har da tari irin na manya. Daga baya cikin barci na ji ƙarar faɗuwa, na zaci jaka ce."

Tankari ya koma ɗakin jirgin, Liang na bin sa yana duba agogo. Ya cire takalmi, ya taka ƙaramin ƙarfen da ake kira matakala, wanda faɗinsa bai kai rabin tafin ƙafa ba. Gwiwarsa ta yi ƙara. Ya kama ƙarfen sama ya ja jiki, sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya zube a kan katifar yana haki. Shi da Babayo ya ba shi shekara bakwai. Kuma jirgin a tsaye yake, da rana, ba gudu, ba girgiza.

Ya kwanta rigingine, rufi na neman taɓa hancinsa. Wannan ne gadon da ya yi ta yabo. Shi kullum na ƙasa yake samu, don duk Bahaushen da suka haɗu ɗaki, da ya ga furfurarsa sai ya tattare kayansa ya hau sama ba a tambaya. Bai taɓa sanin akwai saman ba.

Ya zura hannu tsakanin katifa da bango, inda tsoho zai cusa abinsa in barci ya zo. Yatsunsa suka taɓo 'ya'yan itace masu santsi.

Ya ajiye carbin a gaban Musa. Liang ya jingina da ƙofa.

"A ina aka samu?" in ji Musa.

"A gadonka. Wanda ka ce ka kwana a kai. Musa, ni na yi wa ubanka rakiyar ɗaurin aure. Kada ka sa in yi maka tambayar da nake wa ɓarayin Sabon Gari. Wa ya kwana a ƙasa?"

Sai kafaɗun Musa suka fara rawa.

"Ni ne. Wurin cajin waya a ƙasa yake, ina ta magana da masu kaya. Tikitin duka a wayata suke, da rubutun Chana. Na ce masa nasa ne na sama."

"Bai ce ku canza ba?"

"Ya ce. Na ce 'yan Chana ba sa yarda, in aka kama mu za a sauke mu a hanya. Ya ce to kar ya jawo mini magana. Ni na tura shi ta baya ya hau, yana dariya, yana cewa zai rama a kan Sufeto."

Tankari ya runtse ido.

"Kafin asuba ya sauko zai yi alwala, jirgi ya yi girgiza, ƙafarsa ta zame. Kansa ya bugi bakin tebur. Na ɗauke shi na kwantar a gadon ƙasa, na wanke wurin da ruwan butarsa, na hau sama."

"Ga ƙararrawar kiran ma'aikaci a jikin bango. Me ya hana ka?"

"Baba, in na kira za a tambayi yadda ya faɗi. Kafin rana ta fito maganar ta isa kasuwar Kwari: Musa ya miƙe a ƙasa, ya ɗora wan ubansa a sama. Da wace fuska zan shiga gida? Na ce zai farfaɗo. Wallahi na ce zai farfaɗo."

Tankari ya fassara, kalma bayan kalma, bai rage ba. Liang ya buɗe takardar likita ya faɗi jimla ɗaya, ya jira a mayar da ita Hausa. Tankari ya juya wajen Musa.

"Ya ce baffanka ya yi kusan awa uku da rai. Jirgin ya tsaya a tasha biyu a tsakani, kowacce da asibiti a kusa."

Musa ya ɗora hannuwa biyu a ka.

"Kuma ka zauna kana kallo aka sa wa bawan Allah ankwa," in ji Tankari. "Har da carbi ka ɗora masa."

Aka kwance ankwar daga hannun Harouna aka maƙala a na Musa. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Baba Sufeto, me za ka gaya wa Hajiya Fasuma?"

"Abin da ya faru."

'Yan sanda biyu suka wuce da shi. Harouna ya zauna a kan benci yana murza wuyan hannu, ya ƙi ɗaga ido. Tankari ya dafa kafaɗarsa.

"Je ka buga wa matarka."

Shi kuma ya fita bakin titin Liuhua, inda masu turin kaya ke kai-komo da buhuna, ya tsaya jikin wata bishiya. A Kano hantsi bai yi ba tukuna. Wayar ta yi ƙara sau uku, Hajiya Fasuma, matar Babayo, ta ɗauka da fara'arta.

"A'a, Sufeto! Ya iso ke nan? Yaya jirgin naka?"

"Hajiya, ki samu wuri ki zauna," in ji Tankari. "Akwai maganar Musa, zan gaya miki ita duka. Amma bari in fara da tawa. Jirgin sama ya ce zai hau. Ni na hana shi."