Takardar da Baba Ya Yaga

A gado na bakwai ta fara ganinsa, a ɗakin maza na asibitin da take aikin nas. Kyaftin ne a lokacin, siriri, kafaɗarsa naɗe da bandeji, ba wannan mai furfurar da ake nunawa a talabijin yanzu ana ce masa Minista ba. Ta ɗauko allura, sai ta ga jarumin da aka ce ya ceto sojojinsa daga kwanton ɓauna ya runtse ido gam.

"Ranka ya daɗe, harsashi bai ba ka tsoro ba sai wannan?"

"Shi ai ba ya nuna min kansa, Sista. Ke kuwa sai kin ɗaga ta sama kin gwada min tukuna."

Dariya ta kuɓuce mata. Tun daga ranar ya raɗa mata 'Yar Allura, ita kuma take ce masa Sojana in ba kowa a kusa. Sati uku ya yi a kwance, kullum da sabon ciwon da zai ƙirƙiro don ta tsaya a kansa.

Bayan an sallame shi, hirar ta koma ta waya. Har yau tana iya karanto saƙonsa na farko da ka: "'Yar Allura, kafaɗa ta warke, amma akwai wani wuri a ƙirji da kika manta ba ki duba ba. Yaushe zan dawo?"

Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mutum mai sanyin hali, amma da ya ji mai neman nata soja ne sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Babban ɗansa, yayanta, soja ne shi ma. Shekara shida ke nan da aka kawo musu jakarsa da hularsa kawai.

"Na bayar da ɗaya," in ji Baba. "Ba zan zauna ina kallon ki kina zabura duk lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa ba."

Shi ɗan amininsa mai kantin magani yake so ta aura, yaro mai ladabi wanda kullum yamma ake ganinsa a gida.

Ana cikin haka aka tura Kyaftin bakin daga. Sati biyar ba kira, ba saƙo. Mai kanti ya samu ƙofa, kullum sai ya jefa mata magana, wai soja kowane bariki da budurwarsa. Ranar da abin ya ishe ta, ta rubuta: "In ka gaji da ni ka faɗa min. Ba zan yi kuka a gabanka ba."

Amsar ta zo tana tsakiyar wanke wa wani tsoho ciwo. "An karɓe mana wayoyi ne, masoyiyata. Saƙonki na fara gani, ya fi allurarki zafi. Gobe ina nan tafe wurin Baba."

Ya zo da hantsi, ba kaki, ya durƙusa a shagon Baba mai cike da agogunan bango. Tana zaune a ciki, bayan labule. Ya miƙa wa Baba takarda da hannu biyu.

"Ta ajiye aiki ce, Baba. Ban kai ba tukuna. In kakin ne damuwar, na haƙura da shi."

Baba ya gyara tabarau ya karanta a hankali. "Yara nawa ne a ƙarƙashinka?"

"Ɗari da ashirin."

"Wa zai riƙe su in ka tafi?"

Baba ya daɗe yana kallon takardar kafin ya sake magana.

"Da nawa yaron ya samu shugaban da ke komawa ya ɗauko na baya, wataƙila da yana nan. Na ji labarin kafaɗarka." Ya yaga takardar gida biyu. "Koma bakin aikinka. Ka turo manyanka. Amma ka riƙa dawo mata, ka ji ko?"

Ita kam ba ta san lokacin da ta fito da gudu ta faɗa jikin mahaifinta tana kuka ba.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Suka fara zama a ɗaki ɗaya a bariki, mai tagar da ba ta rufuwa, da kujera ɗaya tal da suke rigimar wa zai bar wa wani. Daga nan sai ƙaura bayan ƙaura: ya zama Manjo, ya zama Kanar, har Janar. Da ya yi ritaya aka kira shi riƙon ma'aikatar tsaro. In ka tambaye ta, za ta ce duk gidajen da suka zauna babu wanda ya kai ɗakin nan daɗi.

Ranar rantsar da shi a kan keken guragu aka kawo Baba, ido ya yi rauni. Da aka gama, Minista ya ratsa manyan baƙi da masu ɗaukar hoto, ya ja hannun matarsa, suka durƙusa a gaban tsohon.

Baba ya lalubo kawunansu ya dafa.

"Ka cika alkawari, ɗana, kullum ka dawo. Allah ya yi muku albarka, ya bar ku tare har ƙarshe."

Ta ce amin, hawaye na sauka, ba ta ko damu da ta share ba.