Goron Baƙi a Gidan Abdul-Manan

Ni ban cika yarda da abin da ake faɗi a bakin famfo ba. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata a Tafo, kuma sau da yawa abin da aka kira sammu nakan tarar zazzaɓi ne aka ƙi kai shi asibiti. Amma labarin Abdul-Manan, ɗan wana, da idona na ga rabinsa. Sauran shi ya gaya mini da bakinsa bayan komai ya fara lalacewa.

Dillali ne, jikan fataken goro. Da baƙin ƙasashen waje suka fara cika otal-otal na Kumasi, shi ke yawo da su, kuma baki gare shi. Zai tsayar da Bature a tsakiyar kasuwa ya ce, "Koko da zinariya a ƙasar Asante, kashu a Techiman, man kaɗanya na gangarowa daga arewa mota-mota. Hanyar nan Wagadugu ta nufa, ta wuce har Yamai. Makanikanmu na Suame kuwa, ba su hoton inji yau, jibi ka zo ka ɗauka." Baƙin su gyaɗa kai, su ci wake da shinkafa a gidansa na Akwatialine, sannan su koma Accra su ƙulla da masu manyan ofisoshi.

"Goggo, ni nake nuna musu ƙasar, wasu ke cin moriyar," ya ce mini.

"To buɗe ofis mana," na ce.

Bai buɗe ba. Wani ya kwatanta masa wani tsoho a hanyar Mampong, ya ce ya tafi da goro na zaɓensa, da ruwan da mutanen gidansa suka wanke hannu a ciki bayan cin abinci. Gidan kuwa kwano ɗaya ake ci, roba ɗaya ake wanke hannu: uwarsa Mamunatu, matarsa Safura, ƙanensa Shakiru, 'yarsa Zuleha mai karatun jinya, da shi kansa.

Da tsakar rana ya isa, bayan tafiyar ƙasa cikin gonar koko. Ɗaki ne zagayayye, shafe da farar ƙasa, a gindin wani rimi da aka ɗaure wa farin ƙyalle. Ƙyallen ya sandare da ƙwai da jini. A ciki kujerun katako uku, baƙi wuluk, gashin kaza manne a jikinsu, ga kwalaben giya babu komai ciki. Ya ce abin da ya fi tsorata shi, duk ƙarnin nan babu ƙuda ko ɗaya.

Tsohon, wanda ake ce wa Nana don girmamawa, yana jin Hausa irin ta gona.

"Mutum nawa yake ci a tukunyarka?"

"Biyar, Nana."

"Matarka ya wanke hannu a nan? Yarinya ma ya wanke?"

"Duka."

Tsohon ya zaɓi goro biyar, ya jiƙa su a ruwan, ya ɗora kowanne a kan kujerar tsakiya yana magana ƙasa-ƙasa da yaren Twi. Ya naɗe su a ɗanyen ganye ya miƙa masa.

"Ku mutanen Zongo, baƙo ya zo kuna ba shi goro. Ba shi wannan. Wanda ya karɓa, dukiyarsa a hannunka zai sa."

"Abin biya fa? Rago? Sa?"

"Ka riga ka kawo."

"Nana, ni ɗan kasuwa ne. Ba na ɗaukar kaya ban ji farashi ba."

"To ajiye ka tafi. Mota na nan har la'asar."

Abdul-Manan ya sa ƙunshin a aljihu.

Baƙon farko Ba'indiye ne mai sayen kashu. Ya saba da tauna irin ta ƙasarsu, ya cinye goron tas yana yabawa. Kafin mako ya naɗa Abdul-Manan wakilinsa. Buhunan kashu suka cika zaure da ɗakunan gidan. Kwana uku bayan haka Mamunatu ta kwanta da ciwon ƙirji, ba ta tashi ba. Aka ce tsufa.

Ta biyu Baturiya ce daga Holan mai neman man kaɗanya. Ta gatsa, ɗaci ya kama ta, ta tofar a hankici cikin ladabi. Aka ƙulla ciniki, motoci biyu suka shigo, aka fara ginin bene a Krofrom. Shakiru kuwa, telan da ɗinkinsa ba ya karkacewa, wata safiya aka same shi yana ɗinke bakin aljihunan mutane a masallaci yana kuka. Har yau da sarƙa a ƙafarsa.

Baƙo na uku bai ci ba, bai tofar ba. Ya jefa goron a jakarsa ya hau jirgi. A ranar, Safura ta ɗauki kwando ta ce za ta kasuwar Kejetia sayen gauta. Wata mai tumatir ta ce ta gan ta a tasha tana tambayar mutane hanyar gidansu. Shi ne ganin ƙarshe.

A nan ya zo mini, ya kwance ganyen a gabana, ya faɗi komai. Goro biyu suka rage: ja babba mai tamoji, da fari ƙarami.

Ni kuwa na riga na shiga gidan, na ji warin ƙwayoyin maganin ƙwari da yake cusawa cikin buhuna, a ɗakunan da mutane ke kwana, tagogi a rufe. Na san abin da hayaƙin nan ke yi wa huhun tsohuwa. Na san kuma abin da baƙin ciki ke yi wa matar da ta binne suruka ta ɗaure ƙanen miji cikin shekara guda.

"Abdul-Manan, ko gubar ce, ko tsohon nan na hanyar Mampong ne, magani ɗaya ne. Fitar da buhunan, ka daina miƙa goron. Ka turo mini Zuleha yau."

"Goggo, kamfanin da ke zuwa masana'anta za su gina. Mutum ɗari uku za su sami aiki a Zongo."

"Kai ne uban Zongo? Uban yarinya ɗaya ne kai."

"Wannan kaɗai, sai in bari."

"Wanne za ka bayar?"

Ya sa hannu cikin ganyen. Jikan fataken goro ne, da ido yake gane ɗanye da tsoho. Na ga inda yatsansa ya tsaya.

Na je wurin Zuleha da kaina. Ta yi dariya. "Kaka, ke da kika koya mana cewa babu mayu? In na tafi wa zai dafa wa Baba?"

Baƙin suka zo su huɗu ranar Laraba da hantsi. Ina zaure, don na ƙi tafiya. Ya miƙa wa shugabansu farin. Ashe mutumin ya taɓa zama a Tamale, ya san al'ada. Ya yi murmushi, ya sa farce ya ɓare goron biyu, ya miƙa wa mai gida rabi. A Zongo ba a mayar da hannun baƙo. Idanu takwas na kallonsa, alƙalami na kan tebur. Abdul-Manan ya karɓa, ya sa a baki, ya tauna. Zuleha ce ta shigo da shayi tana cewa, "Baba, in ƙara sukari?"

Ranar Asabar muka yi mata wankan gawa. Likita ya ce huhu ne. Ɗakinta na jikin ɗakin buhunan.

Ba a gina masana'antar da shi ba, don ya daina fita. Ja ɗin da ya rage shi ne kansa, haka ya yi imani, kuma ya san goro ba ya dawwama. Ya zauna a tsakar gida yana canja masa ganye, yana yayyafa ruwa, yana duba shi sau ashirin a yini. Baƙi suka buga waya suka gaji, suka koma wurin wasu. Kashun ya ruɓe a buhu, benen Krofrom ya tsaya babu rufi. Wata na bakwai ya zo ƙofata a guje, babu hula, goron a hannunsa.

"Goggo, duba, duba! Rami ne wannan?"

Rami ne, ƙarami kamar bakin allura. Sankara, tsutsar goro, ta shiga.

"Ke kin yi boko, akwai magani?"

"Akwai lokacin da na ba ka magani," na ce, na rufe ƙofa.

Ya yi kwana goma sha ɗaya yana ihu wai ana cin sa daga ciki. Mutum shida suka bi gawarsa.

Masu bakin famfo suna cewa tsafi ne. Ni har gobe ban sani ba, kuma ban damu in sani ba. Ƙasar nan na da arziki na gaske, baƙi na zuwa, waɗanda suka yi haƙuri suna samu ba tare da sun binne kowa ba. Abin da na sani shi ne, mutum uku sun tafi, an gaya masa, ya fahimta, ya duba biyun da suka rage ya zaɓi 'yarsa. Tsohon nan bai riƙe masa hannu ba. Ku samarin da ke jiran Bature a ƙofar otal, ku ji ni: ranar da kuka ji kuna iya auna wani naku da kwangila, ba sai kun hau motar Mampong ba. Kun riga kun lalace tun a gida.