Cinikin Haruffan Doha

Hajiya Nabawiyya ta yi asarar karatun 'yarta, ta tsira da gidanta da 'yar. Har gobe ba ta yarda an cuce ta a cinikin ba.

Kifi take sayarwa a Iskandariyya ta Masar tun rasuwar mijinta, kuma duk kasuwar an san ba a rage mata ko sisi. Karatunta bai wuce sunanta da lambobin sikeli ba. 'Yarta ɗaya, Doha, ita ta yi boko mai zurfi, tana rubuta manhajojin kwamfuta. Wani kamfani na ƙetare ya aiko mata gwaji: ta haɗa manhajarsu ta tashi kafin faɗuwar rana ran Alhamis. In ta tashi, aiki ya samu, sai tafiya.

Ran Lahadi Doha ta buɗe ɗakin ajiya na bayan kicin, wanda ba a shiga ba tun mutuwar ubanta. Ta jingina kwamfutar da bango, daidai wani rami da aka cire tsohon bututu. Ba ta yi sallama ba, ba ta yi bisimilla ba.

"Me kike ta dannawa tun la'asar?" in ji uwar daga bakin ƙofa.

"Magini nake ɗorawa, Mama. Ki ba shi jerin kaya, ya ɗebo da kansa, ya jera, ya gina."

"To me ya hana shi?"

"Ya ce bulo ɗaya babu."

"Irin ubanki ke nan. Kullum da abin da babu."

Doha ta nemo abin da ya ce babu. Ya ce wannan ya tsufa. Ta kawo sabo, ya ce sabon ba ya shiri da na ƙasansa. Ta goge komai ta faro daga tushe, ya ce ba shi da izinin shiga. Duk sa'ad da ta tayar da shi, kwamfutar takan yi zafi kamar tanda, fankarta ta yi ta hura zafin cikin ramin nan. Allon kuma ja, ja, ja.

Ana kiran magariba tsakuwa ta farko ta faɗa cikin tukunyar wake. Nabawiyya ta leƙa taga ta zagi maƙwabtan sama har kakanninsu. Ta biyu ta fasa kofin shayi a hannunta, alhali tagar a rufe take. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ko kukan motocin titi ba ya ratsawa. Can cikin bango, siriri, wani abu yana kuka kamar jinjirin da muryarsa ta dushe.

Litinin haka. Doha ba ta daina ba, don Alhamis na matsowa. Ran Talata da almuru uwar ta same ta zaune gaban jan allon, hannuwanta a cinya, kumatunta sun yi bororo kamar an watsa mata tafasasshen mai. Bakinta na motsi, amma muryar ta wata tsohuwa ce.

"Babu izini. Babu izini. Wa ya ba ta izini?"

Da safe aka ɗauko Shehu Gabir, dattijon da ke limanci a masallacin masunta. Ya sa aka kashe kwamfutar. Ya zauna ya yi ta karatu tun hantsi har inuwa ta juya, gumi na bin gemunsa. Doha ta yi ta birgima a tabarma, sannan ta miƙe zaune, idanunta fari fat.

"Wace ce ke?" in ji Shehu.

"Aljana mai ramin. Na riga mutanen gidan zama a nan. Ɗana na kwance ciki, kwana uku tana gasa shi. Fatarsa ta saɓule a hannuna."

"Ba da sani ta yi ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"A biya ni. Su bar mini gidan, su kulle, su tafi."

Nan Nabawiyya ta gyara zama. An zo inda ta iya.

"Gidan? Shekara talatin da ɗaya ina wanke benen nan. Sake dai, 'yar'uwa."

"To idanunta biyu."

"Makauniya ta ɗaukar mini kwando? Ke ko kifin jiya ba za ki sayar ba."

"Hajiya, yi shiru!" Shehu ya daka mata tsawa. "Ba a ciniki da su. Ta raunana. Ki bar ni da ita zuwa asuba, za ta fita ba ko ƙwandala, yarinya ta tashi garau ta ƙarasa aikinta."

Nabawiyya ta ƙirga a yatsu. Asubar Alhamis ke nan, ranar miƙa gwajin. Ta dubi akwatin tafiyar da Doha ta sauko da shi daga kan kabad tun makon jiya, ta dubi kujeru biyu na teburin kicin, tata da ta Doha. Ta daɗe tana duban kujerun.

"Ke mai rami," ta ce a hankali. "Da me ta ƙona ɗanki? Da hannu ko da karatu?"

"Da karatu."

"To ɗauki karatun."

Shehu ya ɗaga murya da aya, amma tsohuwar muryar ta riga ta yi dariya. Aljanar da Nabawiyya suka shiga ja-in-ja a kan yarinyar, ita tana zaune tsakaninsu, hawaye na gangarowa daga fararen idanun. Aljanar ta nemi ƙari, Nabawiyya ta yi kamar za ta tashi. Aljanar ta sauko. Suka tafa da hannun Doha. Wani ƙauri ya bi ramin ya wuce, yarinyar ta yi atishawa uku.

Shehu ya ɗauki takalmansa. Ta miƙa masa ƙunshin kifi, bai ko kalla ba.

Da safe Doha ta kunna kwamfutar. Yatsanta ya taɓa maɓallin da ya saba, maginin ya ɗebo kayansa, ya jera, ya gina, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Allon ya yi kore shar. Ta matso da fuskarta. Ta goge ido, ta ƙara matsowa.

"Mama... me ya ce?"

"Ina na sani? Sa takalmi, kwale-kwale sun iso."

Yanzu su biyu ke zama a rumfa. Doha na awo, ba ta cika magana ba, wani lokaci takan tsaya tana kallon takardar naɗe kifi har sai an taɓa ta. In matan kasuwa suka tambayi Nabawiyya nawa ta biya aljanar, takan goge wuƙa a zani, ta ɗaga haɓa.

"Gida ta nema, ta koma ido, ta so haɗawa da lissafi. Na ce lambobi nawa ne, sikeli na bukata. Haruffa kawai na ba ta, na Larabci da na Turanci, har da na sunanta."