Gwiwar Tahiru

Inna Lantana tana tsakar gida a Gazawa tana tsince wake a faifai, Nazira ta yi sallama ta shigo da jaka a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaishe ta, gaisuwar yarinyar da aka sa wa rana da ɗan gidan. Tsohuwar ta amsa ba ta ɗago kai ba.

Nazira ƴar Cadawa ce, tana shekarar ƙarshe ta karatun likita a Yamai. Abin da ya rage mata shi ne littafin binciken da za ta kare gaban malamai kafin a kira ta dokta. Ta zaɓi abin da ta tashi tana gani: ƴan kokawa da ƴan kabu-kabu waɗanda jijiyar gwiwarsu ke tsagewa, ciwo ya lafa su ce sun warke, amma ƙafar ta ƙi komawa yadda take. Mutum arba'in da ɗaya ta bi, daga Cadawa har Gidan Sori, tana auna cinyoyinsu da awon tela, tana sa su ɗaga ƙullin yashi da ƙafa, tana rubutawa. Ba ta taɓa zaton na arba'in da biyu zai zama Tahiru, ɗan Inna Lantana wanda za ta aura, ba.

Da kaka ya ji ciwon, a kokawar gari. Ƙafa ta kafe cikin yashi, jiki ya juya. A Maraɗi aka ce jijiyar ta tsage amma ba ta tsinke ba. Yau wata uku ke nan.

Yana zaune ƙarƙashin rumfa. Ta ce ya miƙe ƙafafun, ta auna ta dama, ta auna ta hagu, ta sake aunawa.

"Santimita huɗu tsakaninsu," ta ce. "Har yanzu ta hagun a rame take."

"Amma ba ta yi mini ciwo, Nazira. Jiya har gona na je."

"Rashin ciwo daban, warkewa daban. In jijiya ta yi rauni, naman cinya ne ke riƙe gwiwa, kai kuma naka ya zube. Cikin waɗanda na auna, yawancin waɗanda suka koma fage da wuri sun sake faɗuwa. Ka ba ni wata shida."

"Wata shida a ina?"

Kawu Yahuza ne, ƙanen Inna Lantana, ya shigo yana gyara babbar riga. A shekarar nan sojoji sun yi alkawarin mayar wa farar hula mulki, gari ya cika da tutoci da lasifika, shi kuma Kawu ya tsaya takarar konseye, wato kansila. Ya shirya kokawa ranar Juma'a don tara jama'a, kuma tuni sanƙira ya zaga kasuwa da sunan Tahiru.

"Kawu, ku yi haƙuri," in ji Nazira. "In ya shiga fage da wannan ƙafar, ina tsoron ba zai fito da ita ba."

"Maɗori ya duba, ya ce ta ɗinke."

"Maɗori ƙashi ya sani, Kawu. Wannan ba ƙashi ba ne."

Nan Inna Lantana ta ajiye faifai. "Ke dai ba ki da aiki sai shafa cinyoyin mazan mutane. Tun daga Gidan Sori labarinki ya iso ni. Na yi shiru don lakol ce, bokon nan naku, ta lalata ki, amma ba za ki shigo gidana ki gaya wa ƙanena abin da bai sani ba."

Nazira ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta naɗe awonta ta fita. Tahiru ya biyo ta zaure.

"Kawu ne ya rene ni bayan rasuwar Baba," ya ce a hankali. "In na ƙi, da wane ido zan dube shi?"

"Ka dube shi kana tsaye a kan ƙafa biyu. Tahiru, ba roƙon budurwa nake maka ba, abin da na gani da idona nake gaya maka."

Ya juya ya koma cikin gida, ita kuma ta gane ta rasa.

Ranar Juma'a ta tsaya can bayan mata. Tahiru ya kayar da abokin karawarsa na farko cikin sauƙi, fili ya ɗauki ihu, Kawu yana ɗaga hannu kamar shi ya yi kayen. Na biyu wani dogo ne mai wayo. Ya lura da ƙafar da Tahiru ke ɓoyewa, ya tura shi ta can. Gwiwar ta lanƙwashe gefe, yadda gwiwa ba ta lanƙwashewa. Makaɗa suka tsaya. Tana kutsawa cikin mutane ta ji muryar Kawu a lasifika yana cewa kada kowa ya tafi, akwai sauran karawa.

A ƙofar gida Inna Lantana ta tare ta.

"Bakinki ne. Tun da kika ce ba zai fito da ita ba na san kin gama da shi. Kada ki sake taka gidan nan."

Kwana uku bayan haka aka aika wa mahaifinta, Malam Ishaku, cewa an fasa auren. Ya kira ta ya ce, "Ki koma Yamai ki ƙarasa abin da ya kai ki. Allah ya san abin da kika faɗa musu."

Ta koma. Da hannunta ta rubuta sakamakon na arba'in da biyu cikin littafin, ba suna, lamba kawai, sai da ta canja takardar sau biyu saboda hawaye. Ranar karewa malamai suka yaba aikin ƙwarai. Wani dattijo cikinsu ya tambaya me ya sa awon na ƙarshe ya tsaya a wata uku.

"Danginsa ne suka janye shi," ta ce, ba ta ƙara ba.

Kawu Yahuza ya ci kujerarsa, daga nan ƙafarsa ta ɗauke daga gidan ƴar'uwarsa. Maɗori ya ɗaure gwiwar wata biyu har ta sandare, cinyar ta koma kamar taɓarya.

Shekara ta zagayo. Nazira tana aiki a wata likita, wato asibiti, kusa da garinsu, wata safiya aka sauke mutum daga amalanke yana dogara sanda. Sai da ya ɗago kai ta gane shi. Inna Lantana tana bayansa, ta ja mayafi har goshi.

"Ga shi nan," in ji tsohuwar. Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan, kuma har ta mutu ba ta faɗi fiye da haka ba.

Maganganu da yawa suka taso wa Nazira, waɗanda ta shekara tana shiryawa. Ta dubi ƙafar, ta haɗiye su.

"Zan iya komawa fage?" ya tambaya bayan ta gama dubawa.

"A'a. Wannan ya wuce. Amma in ka bi abin da na ce, za ka yar da sandar."

Ya rufe fuska da hannu, ƙaton mutum yana kuka ba sauti.

Wata tara suka yi. Lanƙwasa gwiwar da ta sandare azaba ce, yakan ciji hularsa don kada a ji shi a waje. Daga ɗaga ƙafa zalla, zuwa ƙullin yashi, zuwa hawa dakali ɗaya. Ranar da ya taka daga ƙofar likita har bakin hanya ba sanda, shi da kansa ya je wurin Malam Ishaku ya durƙusa, a kan gwiwa ɗaya, don ɗayar ba ta yarda.

Aka ɗaura aure ba kiɗa. Suna zaune lafiya, yana noma gero da wake, yana ɗingishi kaɗan. Sai dai duk lokacin da rediyo ya fara kawo kokawar ƙasa, Tahiru yakan tashi ya ɗauki fartanya ya fita, ko da ba abin nomewa a gona. Nazira ba ta hana shi.

Haƙuri ya ba ta mijin da take so, amma bai mayar masa da gwiwarsa ba. Biyayya ga manya wajibi ce, sai dai babban da ya sa ɗa ya sayar da lafiyarsa don a tafa masa yini guda, Allah zai tambaye shi. Kuma duk wanda mai sani ya ce masa ya jira, ya jira.