Yadda Jimrau Ya Sayar Da Fuskarsa

Ni ne Arzika mai fenti, mai rubuta allunan shaguna a nan Dakoro, kuma da hannuna na rubuta sunan mutumin da zan ba ku labarinsa. Ba a bakin wani na ji ba. Tare muka tashi da Jimrau, layinmu ɗaya, lakkol ɗinmu, wato makarantar boko, ɗaya, kwanon da muka haɗa hannu a ciki ya fi a ƙirga.

Jimrau gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Fanfon nan mai jawo ruwa da hasken rana, wanda ake ɗora wa foraj, wato rijiyar burtsatse, in ya kara kunnensa a jikin bututu zai gaya maka ciwonsa kafin ya kwance ƙusa ɗaya. Mahaifiyarsa, wadda duk unguwa ke kira Inna, ita ta sayar da awakinta kaf ta tura shi Maradi koyon aikin. Shi ne autanta, shi kaɗai kuma Allah ya bar mata cikin bakwai. Ya dawo da diplom ɗinsa yana murna, sai ya faɗo cikin shekarun nan da komai ya tsaya cak: hanya a rufe, kasuwa a mace, masu furoje, ƙungiyoyin nan na ayyukan tallafi, sun naɗe tabarmarsu sun yi gaba. Shekara biyu gwanin nan yana gyaran tocila da rediyo a bakin tasha.

Da al'amura suka fara sakewa, aiki ya dawo da ƙarfinsa. Daga Tagriss har Kornaka fanfuna sun mutu suna jiran hannu, makiyaya na neman mai gyara ido rufe, sababbin furoje sun shigo. To amma ga inda abin ya ƙona ran Jimrau: ba gwani ake nema ba, wanda aka taɓa jin sunansa ake nema. Akwai wani Yazidu, wallahi bai iya haɗa waya biyu ba ta yi tartsatsi ba, amma yana da kart mai hotonsa da lambarsa, yana cikin kowane rukunin Watsap, babu ɗaurin aure ko suna da zai wuce shi, ya san direban wane, ya san ƙanin matar wane. Shi ake ba aiki, shi kuma ya ja Jimrau gefe ya yi masa, ya sallame shi da abin goro. Jimrau ma ya gwada. Ya buga nasa kart ɗin, ya yi ta tsayuwa ƙofar meri, ofishin magajin gari, yana gaida manya har bakinsa ya bushe. Da idona na ga wani ya karɓi kart ɗin yana sakace haƙori da gefensa.

A lokacin ƙafafun Inna sun fara kumbura. Ba ta taɓa yi masa gori ba, kullum cewa take komai lokaci ne. Wannan haƙurin nata shi ya fi yanka shi. Abu ɗaya ke cin ransa dare da rana, kada tsohuwar nan ta mutu ba ta ga amfanin awakinta ba, ba ta dafa kansa ta sa masa albarka tana farin ciki ba.

Wani dillalin shanu ne ya raɗa masa labarin tsohon da ke zaune a wani kufai, can cikin daji bayan Ɗan Gulbi. Aka ce ya je da kart ɗinsa da ƙaramin hotonsa, kuma ya isa rana na tsaka, lokacin da inuwar mutum ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ari moto ya tafi bai gaya wa kowa ba.

Wurin babu tsuntsu, babu ƙuda, ko iska ba ta motsi. Bukka ce marar rufi a gindin wani mataccen gawo, gefenta tsohuwar rijiya da ta ƙafe. A jikin bangon an jera fasassun madubai, kowane an juya fuskarsa ga bango. Jikin gawon kuwa, tun daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa, ƙananan hotuna ne irin na kart dantite, katin shaidar ɗan ƙasa, an soke kowane da ƙayar aduwa. Riguna na nan, huluna na nan, amma inda fuska ya kamata ta kasance fari ne fat. Tsohon na zaune kan buzun baƙin bunsuru, gabansa baƙar ƙwarya cike da ruwan da ba ya nuna sama. Jimrau ya rantse mini ya yi awa guda yana kallonsa, amma yana juya baya ya kasa tuna kamanninsa.

Tsohon ya tambaye shi ko kuɗi yake so. Ya ce suna yake so, in an ce fanfo a ce Jimrau. Sannan ya tattara ƙarfin halinsa ya ƙara da cewa, "Amma ba ni ba da jini. Ina da ɗiya guda, ina da uwa. In kan mutum za a nema, in tashi tun yanzu."

Tsohon ya yi dariya marar sauti. "Wa ya ce maka jini? Mutanenmu sun ƙoshi da jini, wuri suke so. Ɗan Adam wuri biyu yake zama, ko a ido ko a kunne. Kai a ido kake, shi ya sa kake jin yunwa. Za mu ɗauke ka mu sa a kunne. Duk kunne sabo da sunanka ya shiga, ido guda cikin waɗanda suka san fuskarka tun da zai sake ka, ya manta ka."

Jimrau ya auna abin a ransa. Mutanen da suka san fuskarsa tun yana yawo ba wando, me suka taɓa tsinana masa? Ƴan lakkol, ƴan kasuwa, maƙwabta masu gaisuwar baki. Su manta mana. Ya ɗaga kai ya ce, "Ban da Inna."

"Daga nesa ake farawa," in ji tsohon. "Na kusa su ne ƙarshe. Ran da ka ƙoshi ka daina raba takardun, ba mai tilasta maka."

Sai ya ga abin da sauƙi, tunda linzamin na hannunsa. Ya wanke fuskarsa sau uku a cikin ƙwaryar, ruwan da sanyi kamar na randa. Tsohon ya yayyafa ruwan kan kart ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya soke hoton a jikin gawo, sannan ya sa shi ya leƙa rijiyar ya kira sunan kansa. Ya kira sau ɗaya. Rijiyar ta maido masa da muryoyi barkatai, na maza da na mata, da bakin Fulani, da bakin Buzaye, kowa na kiran Jimrau.

Kafin ya iso Kornaka wayarsa ta yi ƙara sau huɗu.

Abin da ya biyo baya duk garin nan shaida ne. Cikin wata shida ya buɗe atiliye, shagon gyara nasa na kansa, a bakin babbar hanya, ni na rubuta masa allon da jan fenti, harafi kowane ya kai tsawon hannu. Ya sayi mota kat-kat mai shiga daji, ya ɗauki ma'aikata, Yazidun nan da kansa ya dawo yana riƙe masa tsani. Ana taro a kira shi ya yi magana, ana hira da shi a rediyo. Ya kai Inna Maradi aka duba ta, ya gina mata ɗakin siminti, ya cika mata garke da awaki. Matarsa Ramla ta yi ƙiba, ɗiyarsu Haula, ƴar shekara biyar, ta shiga lakkol da takalmi mai ƙyalli. Ran da mahaucin da ya saba ba shi gyara ya tambaye shi baƙo daga ina, dariya ya yi. Ran da limamin unguwarsu ya yi masa sannu da zuwa garinmu, dariyar ta ɗan rage. Amma bai daina raba kart ba, domin akwai wani babban aiki da yake hange, bayansa kuma akwai wani.

Wata safiya ina haɗa fenti, wani mutum ya faɗo mini shago ba sallama, ya kira ni da sunan tsokanar da aka daina kirana da shi tun muna yara. Raina ya ɓaci, na ce malam lafiya, daga ina? Sai na ga mutumin ya jingina da bango ya sulale ƙasa. Ya gaya mini ranar da muka saci gyaɗa a gonar kawuna, ya nuna mini tabon da na yi masa da dutse a gwiwa. Komai daidai. Amma na rantse da wanda raina ke hannunsa, fuskar nan ban taɓa ganinta ba, muryar ma baƙuwa ce, tafiyar ma haka. Har yau in na dube shi baƙo nake gani, hankali ne kawai ke gaya mini Jimrau ne. A nan ya kwashe labarin duka ya faɗa mini, yana cewa in an kai kaina to an shigo gida.

Ranar ya ƙone sauran kart ɗin. Ya kashe waya. Ya sa na shafe allon da baƙin fenti. Sai dai tambayar da bai yi wa tsohon ba ita ce ta kama shi: in shi ya daina, wa zai hana mutane? Makiyayi a bakin rijiya na ba ɗan'uwansa lamba, wannan ya tura wa wancan, wanda aka yi wa aiki na yabonsa a gaban surukinsa. Sunan ya riga ya yi ƙafa.

Sai ya yanke shawarar da ta ƙarasa shi. Ya ce tunda yabo ne ke yawo da sunan, bari ya ɓata shi da hannunsa, a daina zancensa. Na ce kada ya yi, bai ji ba. Ya karɓi wani aiki can arewa wajen Tagriss, tsakiyar bazara, ya haɗa wayoyin a karkace da gangan. Fanfon ya ƙone bayan ya tafi. Kwana uku garkuna na kuka a bakin kwalbatin shan ruwansu da babu ɗigo, shanu suka yi ta faɗuwa. Wayyo Jimrau, wauta! Wanda ya yabe ka mutum biyu zai gaya wa, wanda ka cuta kasuwa guda zai tara. Cikin mako ɗaya har waɗanda ba su san mene ne fanfo ba sun san sunan.

Ranar kasuwa ce, bayan la'asar. Ya dawo gida ya tarar da Haula na wasa a ƙofa, ya buɗe hannu zai ɗauke ta kamar kullum. Yarinyar ta dube shi ta ƙwalla ƙara, ta zabura da gudu ta nufi hanya. Kamiyon shanu, babbar motar nan, na tahowa. Ramla ta fito ta ga wani ƙato da ba ta sani ba rungume da gawar ɗiyarta, ta yi kururuwa, maƙwabtan da suka ci tuwon sunansa suka rufe shi da duka. Jandarmomin da suka ƙwace shi su suka gane shi, don su sai bayan ya yi suna suka san shi. Aka binne yarinya ana tambayar ina ubanta ya shiga, alhali yana tsaye a sahun baya da kumburarren ido. Ramla ba ta sake dawowa daidai ba. Ta zauna bakin ƙofa tana tambayar duk mai wucewa ko ya ga baban Haula, in shi ya matso ta jefe shi da dutse. Iyayenta suka zo suka tafi da ita a ɗaure.

Ya koma kufan. Hotonsa ya yi fari, saura ɗan duhu kamar ƙwayar gero a tsakiya. Ya faɗi yana birgima yana roƙo, tsohon ya ce ba shi da abin yi, sai dai ya bi kunnuwan mutane ya ciro sunansa ɗaya-ɗaya, in zai iya.

Saura Inna. Tsoro ya hana shi shiga ɗakinta. Gani yake muddin ba su haɗa ido ba, yana nan a idonta. Kwana arba'in yana ba ni magani da nama ina kai mata, shi yana laɓe bayan katanga yana jin tana tambayata ina Auta, me ta yi wa Auta. Ciwon ya tashi gadan-gadan. Wani hantsi na fito na kama hannunsa na ce yau ko ka shiga ko ka yi nadama har abada.

Ya durƙusa gaban gadonta. Ta buɗe ido ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Sannu da zuwa, bawan Allah."

Ya ce Inna ni ne, Auta ne. Ya lissafa mata awakin da ta sayar, da jar nan mai karyayyen ƙaho da ta yi kuka ran da aka ja ta. Ta yi ɗan murmushi ta ce ashe Auta yana ba abokansa labarinta, ashe yana tunawa. Ya kifa goshinsa a kan ƙafarta da ta kumbura yana kuka kamar yaro, ya ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ɗora hannu a kansa. "Kai mi ka yi mini, ɗan mutane? Ka zo duba tsohuwa, na yahe maka duniya da lahira. Amma in ka ga Auta ka gaya mishi, ɗiyarshi ta mutu bai zo ba, ni ma ga shi zan tahi bai zo ba. Shi kam ban yahe ba."

Ba ta kai azahar ba.

Yana nan da rai. Atiliyen ya rufe, motar ta ruɓe a inda ya bar ta, shi kuma yana kwana a rumfar mutane yana magana shi kaɗai. Har yanzu baƙi na sauka garin nan suna tambayar ina za su sami Jimrau mai fanfo, wasu don aiki, wasu don su tsine masa, in ya ji sai ya toshe kunnuwansa ya ruga.

Ku samarin da ke zuwa shagona kuna cewa in ƙara wa harafin girma, da ku nake. Ku nemi aiki, ku buga kart, ku gaida mutane, babu laifi. Amma duk wanda ya ce zai ɗaga sunanku ba da guminku ba kuma ba da yardar Allah ba, ku tashi ku bar masa wurin tun bai gama magana ba, komai yunwar da kuke ji. Abin da zai karɓa ba zai faɗa muku da sunansa ba, kuma ba a maidowa. Ni na wanke hannuna, na faɗa. Jimrau kullum da hantsi yana zuwa kabarin uwarsa ya durƙusa ya gabatar da kansa daga farko.