Baƙon Kulob ɗin Abhur

Tun da attajirai suka rufe kulob ɗinsu na kamun kifi a bakin tekun Abhur, Mato kaɗai kafili, Balaraben ubangidansa, ya bari yana gadi. Sai ya yi sati bai ji muryar mutum ba.

Wata Juma'a da rana tsaka, yana kwance a ɗakin gadi, ƙarnin kifi ya cika ɗakin. Aka yi sallama da Hausa.

"Ɗana, buɗe mini ƙofa. Nan nake jefa taruna tun kafin su ja katanga."

Daɗi ya kama Mato. "Baba, yi haƙuri, sai mai kati ke shiga."

"Shiga? Fita zan yi."

Mato ya leƙo. Ƙofa na kulle, dattijon na ciki, jiƙaƙƙen sawunsa ya taso tun daga cikin teku.